Me ya sa rubutun kan bidiyo ke fitowa dishi-dishi, kuma ta ina ake kamo gyaransa?

Ranar wata Alhamis, saura kwana biyu ɗaurin aure, uwar amarya ta kira ni a waya. Mun haɗa mata ɗan bidiyon gayyata na daƙiƙa 40: hotunan ango da amarya, sunayensu a sama, wuri da lokaci a ƙasa. Launin ankon bikin ja ne da shuɗi mai duhu, don haka na yi rubutun da jan launi, siririn zubi mai lanƙwashe-lanƙwashe, a kan shuɗin bango da ƙyalƙyali ke zubowa a kansa. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗana, hotuna sun yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Amma rubutun nan kamar tawadar da ruwa ya taɓa. Ƙanwata da ke Damagaram ta kasa gane ko ƙarfe 11 aka sa ko ƙarfe 1." Na ce, "Hajiya, a yi mini haƙuri zuwa la'asar." Na buɗe kwamfuta na duba, rubutu garau, kowane harafi da bakinsa. Sai na roƙe ta ta turo mini wanda ya isa wayar ƙanwar tata. Da na gani, gaskiyarsu ce. Lambobin biyu sun narke sun zama ɗan jan tabo guda.

Tun daga ranar na daina ɗaukar dishi-dishin rubutu a matsayin cuta ɗaya mai magani ɗaya. Daga lokacin da ka buga harafi a manhajar tace bidiyo zuwa lokacin da ya isa idon mai kallo, yana bi ta zango-zango, kuma a kowane zango yana iya rasa kaifinsa. Wanda bai gano zangon da ɓarnar ta faru ba zai kwana yana juya maɓallai a inda lafiya lau take.

Abin da ya sa rubutu ne ke fara tona asirin bidiyo mai rauni shi ne yanayin bakinsa. Fuskar mutum, sararin sama, yadin riga, duk launukansu na shiga juna a hankali, ko an ɗan shafe su ido ba ya ƙorafi. Harafi kuwa iyaka ce tsagwaro: nan fari, nan baƙi, babu tsaka-tsaki. Kuma tun muna yara idonmu ya haddace siffar kowane harafi, da zarar gefensa ya yi laushi sai mu ji a jikinmu.

Sai an san yadda harafi yake a cikin kwamfuta kafin sauran bayanin ya zauna. A cikin fayil ɗin zubin haruffa, wato font, babu hoton harafi ko ɗaya. Abin da ke ciki lissafi ne: fara daga nan, ja layi zuwa can, lanƙwasa da kaza, rufe. Irin wannan lanƙwasa ta lissafi ana kiranta da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da ita wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Tunda lissafi ne, ba shi da girma tsayayye. Kana iya zana shi ƙarami kamar ƙwayar gero ko babba kamar allon talla na bakin titi, bakinsa ba zai canja ba. Wannan shi masu harkar ke kira bekta.

Bidiyo kuwa jeren ɗigo ne, wato fiksel. Hoton da ake kira 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Dole a wani lokaci manhaja ta ɗauki wancan lissafin ta zuba shi a kan waɗannan ɗige-ɗige. Ka ɗauki misalin hula. Mai zane yana da zanen a kansa, yana iya fitar da shi a kan ƙyallen hular yaro ko ta babban mutum, duk ya fito daidai. Amma da zarar mai ɗinki ya bi zanen da zare, magana ta ƙare, adadin sukar allura ya tsaya. In ka ce sai ka ja hular yaro ta shiga kan babba, zaren zai buɗe, zanen ya wargaje. Harafin da aka riga aka mayar ɗigo ɗinkakkiyar hula ce. Dokar da nake aiki da ita ke nan: a mayar da harafi ɗigo sau ɗaya tak, kuma a daidai girman da za a kalle shi. Mafi yawan dishi-dishin da ake samu a cikin manhaja daga karya wannan doka yake fitowa.

Akwai ɗan laushin da yake halal. Ɗigo murabba'i ne, cikin harafin "o" kuwa zagaye ne, don haka manhaja kan sa ɗige-ɗige masu tsaka-tsakin launi a gefen lanƙwasa don kada ta fito kamar matakalar bene. In ka zuƙo hoton sosai za ka gan su, layi ɗaya na toka-toka. Wannan ba matsala ba ce. Matsala ita ce in layin ya zama uku ko huɗu.

Zango na farko shi ne wanda ya fi ɓata wa masu koyo lokaci, alhali sau da yawa babu abin da ya lalace. Tagar da kake kallon aikinka a cikin manhaja ba ta nuna maka gaskiyar abin da za ka fitar. Don kada kwamfuta ta riƙa sarƙewa, manhajoji kan rage ingancin abin da suke nunawa yayin aiki. A Premiere Pro akwai ɗan akwati a ƙasan tagar da ke nuna 1/2 ko 1/4 ko Full. In yana kan 1/4, to aikin 1080 ana nuna maka shi a ɗigo 480 da 270 ne kawai. DaVinci Resolve na da irin wannan ragin na rabi da na kwata a jerin zaɓin kunnawa, Final Cut Pro na ba ka zaɓi tsakanin sauri da inganci, Vegas Pro ma haka. Ƙari a kan haka, tagar kanta ƙarama ce, ana matse hoton ne ya shige ta, wataƙila a kashi 37 ko 42 cikin ɗari, kuma irin wannan matsi na gaggawa yana cin siraran layuka. Gwajin da ke raba gardama ɗaya ne. Tsayar da bidiyon a kan rubutun, fitar da wannan firem ɗin, wato hoto guda daga jerin hotunan da suka haɗu suka zama bidiyo, shi kaɗai a matsayin hoton PNG, ka buɗe shi a girman kashi 100. In ya fito tangaran, aikinka lafiya yake, matsalar tana gaba, a wajen fitarwa ko wajen turawa. In ya fito da hazo, ɓarnar tana cikin aikin, sai a koma baya.

In an koma baya, wurin da nake fara leƙawa shi ne girman shimfiɗar aiki, wato tayimlayin ko sikwens. Nan ne na fi kama ɓarawon. A wasu manhajojin, irin su Premiere Pro, in ka jawo bidiyo ka ƙirƙiri shimfiɗa da shi, shimfiɗar kan ɗauki girman wannan bidiyon. To ka duba yadda aikinmu yake: mai biki ya turo maka gutsattsarin bidiyo daga wayoyi daban-daban, wani an tura shi an sake turawa har ya koma ɗigo 640 da 360. In shi ka fara jawowa, duk aikinka ya zama na 360 ba tare da ka lura ba. Rubutun da za ka buga a kai, komai kyawun zubinsa, a kan wannan ƙaramin fili za a ɗinka shi. Ranar fitarwa ka zaɓi 1080, manhaja ta ja shi ninki uku ta kowane gefe, ɗigo ɗaya ya koma tara. Ko daga 720 ne zuwa 1080 lissafin ba daɗi: 720 na da ɗigo 921,600, kenan fiye da rabin ɗige-ɗigen da ke cikin fayil ɗinka na ƙarshe kintace ne manhaja ta yi. Kintace kuwa ba ya haifar da kaifi, tsaka-tsaki yake nema tsakanin maƙwabta biyu, tsaka-tsakin fari da baƙi kuma toka ce.

Gyaran shi ne ka tsayar da girman shimfiɗa da hannunka tun kafin ka jawo komai, gwargwadon inda bidiyon zai je. In gutsattsarin ƙanana ne, su za a ja su cika fili, su yi laushinsu su kaɗai, rubutun kuma a haife shi a cikakken girma. Sau da yawa ma kaifin rubutu kan sa mai kallo ya yafe wa raunin hoton da ke bayansa. Masu aiki da tsofaffin kyamarori su ƙara lura: tsarin HDV yana ɗaukar 1,440 da 1,080 ne, ɗigonsa ba murabba'i ba ne, ana miƙe shi a kwance ya cika 1,920. Shimfiɗar da ta gaji wannan tsari ta riga ta rage wa rubutunka kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigonsa na kwance.

Bidiyon tsaye ya ƙaro wani sabon ciwon kai. Ka gama aiki a kwance da rubutunsa, sai mai aiki ya ce yana son na TikTok ko na sitatus, wanda girmansa 1,080 ne a kwance da 1,920 a tsaye. In ka ɗauki wanda ka riga ka fitar ka rage shi ya shiga, tsayinsa zai koma kusan ɗigo 608, harafin da ke da tsayin ɗigo 60 ya dawo 34. In kuma ka ja shi ya cika tsayin, ka ƙara shi zuwa kashi 178 cikin ɗari, ka yanke gefe da gefe. An gudu ba a tsira ba. Abin yi shi ne sabuwar shimfiɗa ta tsaye, a kawo hotunan ba rubutu, a sake buga rubutun a can.

Daga nan sai yadda ake ƙara wa rubutu girma. Kusan kowace manhaja tana da hanya biyu da suka yi kama a ido amma aikinsu ya sha bamban. Ɗaya tana ƙara girman harafin tun yana lissafi, ɗayar tana jan hoton harafin bayan an ɗinka shi. A Premiere Pro, girman zubin haruffa da abin da suka kira Vector Motion suna aiki ne kafin ɗinki, Motion na gama-gari kuma bayan ɗinki. A DaVinci Resolve, in kana aiki da kayan rubutunsa da ake kira Text+, girman da ke cikin shafin rubutun shi ne na lissafi, zuƙowar da ke shafin bidiyo kuwa jan hoto ce. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya taɓa cewa, "Oga, ai duk ɗaya ne, girma ne dai ya ƙaru." Na sa shi ya buga kalma ɗaya sau biyu, ɗaya da girman 40 ya ja ta zuwa kashi 300, ɗaya kuma da girman 120 kai tsaye, ya jera su. Bai sake tambaya ba. Inda ake son rubutu ya taso daga ƙarami zuwa babba, a gina shi a girmansa na ƙarshe, motsin ya fara daga ƙasa da kashi 100 ya ƙare a 100. Ragewa ba ta cutarwa kamar ƙarawa.

Tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne dunƙule abubuwa. In ka tattara rubutu da wasu abubuwa ka cusa su cikin wata ƙaramar shimfiɗa, sannan ka ja dunƙulen a waje, yawanci ka mayar da rubutun hoto tun a ciki. A manhajar After Effects rubutu kan zauna da kaifinsa komai girman da ka ba shi, amma da ka dunƙule shi a wani kwamfozishan, wato shimfiɗar aiki ta can, sai ka kunna ɗan maɓallin nan mai siffar rana kafin lissafin ya ratso zuwa waje. Haka ma tambarin da aka kawo daga manhajar zane ta Illustrator, in ba a kunna masa wannan rana ba, ja ɗaya zai sa shi hazo.

Akwai wata hanya da rubutu ke lalacewa wadda ta fi shafar mu masu rubutu da Hausa, kuma tana damuna don ana iya kauce mata cikin sauƙi. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, babu su a cikin mafi yawan zubin haruffa na ado, domin an yi su ne don harsunan Yammacin Turai. Ka buga "Ɗaurin aure" ko "Ƙarfe", sai harafin farko ya fito akwati fanko, ko manhaja ta aro shi daga wani zubin daban, ya tsaya a cikin kalmar kamar baƙo, kaurinsa daban tsayinsa daban. Edita yana sauri, sai ya koma wata manhajar zane a waya inda harafin ya fito, ya rubuta a can, ya ɗauki hoton fuskar wayar ko ya ajiye shi a JPEG, ya turo wa kansa, ya jawo shi cikin aiki, ya cire bangon, ya ja shi ya cika fili. A wannan ɗan zagaye an ɗinka harafin a ƙaramin girma, an matse shi, an sake matsewa wajen turawa, an yanke gefensa, an kuma ja shi. JPEG an yi shi ne don hotunan kyamara. Yana yanka hoto gida-gida na ɗigo 8 da 8 yana zubar da ƙananan bayanai, kuma bakin harafi na cikin abin da yake fara zubarwa. Ba ya kuma riƙe bango mai shara-shara, shi ya sa ake ganin farin ƙazanta a kewayen haruffan da aka yanko daga cikinsa.

Wasu kuma sai su haƙura da ƙugiyar gaba ɗaya, su rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa", wanda ni a wurina ya fi dishi-dishin muni. Alhali zubin da ke da haruffanmu cikakku suna nan kyauta. Noto Sans na Google yana da su. Andika da Charis da Gentium, waɗanda ƙungiyar SIL ta yi, duk suna da su, manya da ƙanana. Mai rubutun ajami ma ba a bar shi a baya ba, akwai Alkalami da aka zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano, akwai kuma Harmattan. Ka sa su a kwamfuta sau ɗaya, ka riƙa buga rubutunka a cikin manhajar tace bidiyon kanta. In dole sai an kawo rubutu daga waje, to ya zo a PNG mai shara-sharan bango, a girman shimfiɗar ko fiye, ta kebul ko a matsayin fayil, kada ya bi hanyar da ake matse hotuna.

Sauran abubuwan cikin shimfiɗa ƙanana ne, amma ido na kama su. Rubutu na iya zama a rabin ɗigo: tsakiyar 1,920 ita ce 960, in matsayinsa ya nuna 960.5, layin da ya kamata ya cika ɗigo ɗaya sai a raba shi biyu, kowanne rabin ƙarfi. A siraran haruffa da layukan ado wannan kan fito fili, gyaransa kuma goge abin da ke bayan ɗigon lissafin ne kawai. Jerin sunayen da ke hawa a ƙarshen fim shi ma haka. A firem 25 cikin daƙiƙa, in yana hawa ɗigo 4 cif a kowane firem, zai ratsa allon 1080 cikin daƙiƙa 10.8 yana tsaf. In saurin ya faɗa a 3.4, kowane firem da irin nasa rabon, sai ka ga haruffa na kyarma suna walƙiya.

Mai kai aiki gidan talabijin yana da nasa ƙarin. Talabijin ɗin da muka taso da ita, PAL a Najeriya da SECAM a Nijar, tana nuna hoto ne rabi-rabi: layukan mara sannan layukan cika, sau 50 a daƙiƙa, a kan layuka 576 da ake gani. Layin kwance mai kaurin ɗigo ɗaya yana cikin rabi ɗaya ne kawai, don haka yana bayyana yana ɓacewa sau 25 a daƙiƙa. Shi ya sa siraran haruffa ke rawa a irin wannan tsari, kuma har yau tashoshi da dama na aiki da 1080 mai rabi-rabi. Wanda aikinsa na intanet ne ya tabbata shimfiɗarsa da fitarwarsa duk na cikakken firem ne, ba na rabi-rabi ba. In ka fitar da mai rabi-rabi ka ɗora, za a haɗe rabin biyun ta hanyar da ba kai ka zaɓa ba, kuma hanya mafi arha ita ce zubar da rabi ɗaya a cike gurbinsa da kintace.

To a ce firem ɗin gwaji ya fito garau, amma bidiyon da ka fitar ya yi hazo. Nan mun iso wajen matsi. Bidiyon 1080 mai firem 25, in ba a matse shi ba, yana cin sama da megabit 600 a kowace daƙiƙa ko da an riga an rage masa bayanin launi. YouTube kuwa megabit 8 yake ba da shawara a ɗora masa irin wannan bidiyo da shi, 5 ga 720, 35 zuwa 45 ga 4K. Daga 600 zuwa 8, an rage ninki 75. Tsarin H.264, wanda aka kammala a 2003 kuma har yau shi ne aka fi amfani da shi, yana yin haka ne ta yanka hoto gida-gida, ya riƙe fasalin kowane gida, ya sadaukar da ƙananan bayanai gwargwadon ƙarancin kason da aka ba shi, wato bitret. Kaifin bakin harafi ƙaramin bayani ne mai tsada. In kaso ya yi kaɗan, sai bakin ya yi laushi, wasu 'yan ɗige-ɗige kuma su riƙa shawagi a kewayensa. Masu harkar sun laƙaba musu sunan sauro, kuma da ka gan su za ka yarda da sunan.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne kason nan na kowa da kowa ne a cikin firem. Duk abin da ke motsi a bayan rubutu yana cin rabonsa. Ƙyalƙyalin da ke zubowa, hayaƙi, ruwa mai kaɗawa, ganyen bishiya, ko tsakin da kyamara ke yi a ɗaki mai duhu, kowannensu cinye bitret yake yi, rubutu ya tashi da saura. In ka ga rubutu na yin hazo na ɗan lokaci sai ya washe farat ɗaya sannan ya sake dusashewa, kamar yana numfashi, wannan alamar yunwar bitret ce: yana washewa ne duk lokacin da aka zo kan firem ɗin da matsi ke ajiye hotonsa gaba ɗaya jifa-jifa, ya lalace a tsakani. A ƙara kason, ko a kwantar da bangon. A kuma duba kada wajen fitarwa an bar manhaja tana amfani da fayilolin firoksi ko rendar gwaji, wato kwafe masu raunin inganci da ta ajiye don sauƙin aiki, domin in an yi haka, mai raunin ne za a sake matsewa.

Sai launi, wanda shi ne ya kayar da ni a aikin Hajiya. Idon ɗan Adam ya fi ganin bambancin haske da duhu a kan bambancin launi, injiniyoyin bidiyo kuma sun daɗe suna cin moriyar wannan. Kusan duk bidiyon da ke yawo a waya da intanet yana kan tsarin da ake rubutawa 4:2:0. Ma'anarsa, ana ajiye hasken kowane ɗigo, amma launi ɗaya ake ajiyewa ga kowane ɗigo huɗu. A bidiyon 1080, haske na da 1,920 da 1,080, launi kuwa 960 da 540 ne kacal. Kenan harafin da bambancinsa da bango na haske ne, kamar fari a kan baƙi, yana samun cikakken kaifi. Wanda bambancinsa na launi ne kawai, rabin kaifi yake samu ta kowane gefe, tun kafin a fara matsi.

Launuka kuma ba su yi daidai a haske ba. A ma'aunin bidiyon HD, kore ne ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin ɗari na haske, ja kashi 21, shuɗi kashi 7. Ka ga jan rubutu a kan shuɗi: 21 a kan 7, tazara kaɗan ce, kusan duk siffar harafin ta rataya ne a kan bayanin launi, wanda shi ne aka yi wa rowa. Rawaya kuwa haɗin ja da kore ne, kusan kashi 93, shi ya sa yake tsayawa da ƙafarsa a kan duhu kusan kamar fari. Gwajin da nake yi yanzu kafin in amince da kowane launi shi ne in cire launin aikin gaba ɗaya na ɗan lokaci, ya koma fari da baƙi. In rubutun ya karantu a haka, zai tsira. In ya nutse cikin bango, ba bitret ɗin da zai cece shi.

Zango na ƙarshe ba ya hannunka. Facebook, Instagram, TikTok, YouTube, WhatsApp, kowannensu yana sake matse bidiyon da aka ɗora masa don ya yi sauƙin saukarwa. Akwai 'yan dabaru. A WhatsApp, in ka tura bidiyo a matsayin fayil ɗin takarda, yana isa yadda ka fitar da shi, kuma tun 2022 ana iya tura har gigabait 2 ta wannan hanya. A 2023 kuma sun ƙara zaɓin HD ga bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba. Instagram da TikTok suna da maɓallin ɗorawa da cikakken inganci a cikin saitinsu. YouTube kan fara fitar da ƙaramin inganci bayan ɗorawa, manyan su biyo baya, don haka kada a yanke hukunci a mintunan farko. Masu aiki da CapCut ko KineMaster ko InShot su duba allon fitarwa da kyau kowane lokaci, girma da bitret duka.

Sai dai duk wannan yana taimakon turawar farko ce kawai. Wanda ka tura wa zai sa a sitatus, wani ya sauke daga can ya sake turawa. Mai kallo a ƙauye, sabis na zuwa yana ɗaukewa, data ta kusa ƙarewa, wayarsa za ta zaɓar masa 360. A wannan girma, komai ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku: harafi mai tsayin ɗigo 40 ya koma 13, layin jikinsa mai kaurin ɗigo 3 ya koma 1, mai kaurin 2 kuma bai ma kai ɗigo guda ba. Ƙugiyar ƙ da ɗ, da yake ƙarama ce, ita ke fara tafiya. Ina yawan tuna zamanin faifan VCD, da hoton gaba ɗaya ɗigo 352 da 288 ne, kusan kashi ɗaya cikin 20 na 1080. Editocin lokacin suna sa haruffa masu kauri, fari ko rawaya, da baƙin layi a kewaye, kuma ana karanta su daga bayan ɗaki. Yau muna da fili ninki 20, amma abin da ke isa wayoyin mutane da yawa bai fi na wancan zamanin da wani abin kirki ba, mu kuma mun koma zaɓen haruffa sirara kamar gashi.

Game da maɓallin ƙara kaifi, ba na ba da shawararsa ga rubutu. Ba ya dawo da abin da ya ɓace, ƙara haske yake yi a gefe ɗaya na iyaka da duhu a ɗaya gefen, sai harafi ya yi wani farin rawani, ɗige-ɗigen sauron da ke kewaye da shi su ƙara fitowa, matsi na gaba kuma ya ƙara wahala.

Kafin la'asar ɗin nan abin da na yi wa bidiyon Hajiya ba shi da yawa. Ban taɓa bitret ba, domin fayil ɗina na asali lafiya yake. Na bar ja da shuɗin a cikin adon gefe don anko ya fito, rubutun kuma na mayar da shi fari. Sunayen ango da amarya na bar su da zubin ado amma na ninka girmansu; wuri da lokaci na sa su a zubi mai kauri marar ƙawa, tsayin harafi ɗigo 70, a kan wani shuɗin allo mai duhu da ba ya motsi. Na tsayar da ƙyalƙyalin a duk daƙiƙun da rubutu ke kan allo, na kuma bar lokacin ɗaurin auren ya zauna daƙiƙa 6 maimakon 3. Sannan na fitar da kwafi ɗaya a 360 da gangan, na sa a wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da ke cikin durowa, na miƙa hannu na karanta daga nesa. Da ya karantu, na tura mata cikakken a matsayin fayil, na kuma rubuta mata lokacin a saƙo daban. Bayan sallar magariba ta kira ta ce ƙanwar tata ta gani, ƙarfe 11 ne, kuma da asuba za su kamo hanya.